Mai jinyar da ba a yi wa sannu: gigin tsufa da halin da iyali ke ciki a Maradi

Lokaci-lokaci akan ji cigiya a gidajen rediyon Maradi wadda ba ta yaro ba ce, ba kuma ta dabba ba. Dattijo ne ya fita bayan sallar asuba da carbi a hannu bai dawo ba, ko tsohuwa ta ƙulle kayanta da la'asar ta ce za ta gida, har dare ba a ji ɗuriyarta ba. Mai sauraro yakan ce "Allah ya bayyana", ya ci gaba da harkarsa. Sau da yawa akan tsince su a bakin tasha ko a wata unguwa mai nisa, a galabaice, ba su san yadda aka yi suka kai can ba. Abin da cigiyar ba ta faɗa shi ne, a gidan da tsohon ya fito akwai mutum ɗaya, galibi mace, wadda ta yi watanni ko shekaru tana tsaron ƙofar nan. Ran nan ne kawai barci ya sace ta, ko ta zagaya bayan gida. Kuma tun kafin a ga tsohon an riga an jefa mata tambaya: "Ke kina ina har ya fita?"

A kan wannan matar nake son yin magana. Wani lokaci ɗiya ce da aurenta ya mutu ta dawo gida, wani lokaci suruka ce, wani lokaci amaryar dattijon ce mai ƙananan yara, wani lokaci kuma jika ce da ba ta wuce shekara 14 ba. Mu Hausawa ba mu da gidajen ajiye tsofaffi, muna kuma alfahari da cewa ba ma yasar da iyaye. Alfaharin yana kan hanya. Amma in aka shiga cikin gidajen aka duba, "iyali suna kula da shi" sau da yawa yana nufin mutum ɗaya ce take kula da shi, saura kuwa suna zuwa gaisuwa.

Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba tsufan kansa ba ne. Kowa ya san tsofaffi masu shekara 90 da za su jero maka sarakunan Katsinar Maradi da na Gobir, su faɗa maka wace yunwa aka yi kafin wace. Su ma suna mantuwa, amma can anjima sai su tuna. Wannan ciwon daban yake. Matar da ta shekara 50 tana dama fura sai ta tsaya gaban ƙwarya da ludayi a hannu ta rasa ta ina za ta fara. Mutumin da bai taɓa rasa sahun farko ba sai ya kasa gane ko azahar yake yi ko magariba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne suke lalacewa sannu a hankali, abin kuma gaba yake ci, ba ya komawa baya. Cututtuka da dama ke jawo shi. Wadda ta fi yawa ita ce cutar Alzheimer, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ke da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu ciwon. Akwai kuma wanda toshewar hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke haddasawa, bayan shanyewar ɓarin jiki ko bayan shekaru na hawan jini da ba a kula da shi ba. Wannan nau'in ya kamata ya dame mu ƙwarai, ganin yawan masu hawan jini a cikinmu da ba sa shan magani sai ranar da kai ya sara.

Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke da gigin tsufa a duniya, fiye da kashi 60 cikin ɗari daga cikinsu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke, kuma kowace shekara ana samun sabbin kamu kusan miliyan 10. A Nijar abin yana da sauƙin ɓacewa daga ido, domin ƙasa ce ta yara: kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 kuwa ba su cika kashi 3 cikin ɗari ba. Hankalin hukuma da na ƙungiyoyin agaji yana kan tamowa da zazzaɓin cizon sauro da haihuwa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Sai dai yawan tsofaffin ƙaruwa yake yi. Wani rahoto da ƙungiyar duniya mai kula da cutar Alzheimer ta fitar a 2017 ya ce masu ciwon a Afirka kudu da Sahara sun kai miliyan 2.13 a 2015, kuma ana sa ran za su kai miliyan 7.62 a 2050. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da wadda za ta wanke masa zani. Hukumar Lafiya ta ce mata ne ke ɗauke da kashi 70 cikin ɗari na sa'o'in da ake ɓatawa a wannan jinya a duniya. A cikin gidajenmu, ni a ganina, abin ya fi haka.

Wanda bai zauna da mai wannan ciwo ba yakan ɗauka wahalar ita ce ta jiki: ɗagawa, kwantarwa, wanki. Wannan sai can ƙarshe yake zuwa. Shekarun farko da na tsakiya, lokacin da tsohuwa take da ƙarfinta tana tafiya da ƙafarta, su ne suka fi cin rai. Tunani yana zubewa ne kamar yadda ake ɗibar hatsi a rumbu: damin da aka zuba a ƙarshe shi ke fara fita, na can ƙasa shi ke daɗewa. Shi ya sa Inna za ta ba ka labarin bikin aurenta dalla-dalla, har da sunan wadda ta yi mata kitso, amma ba ta san ta ci tuwo ɗazu ba. Za ta tambayi "Yau wace rana?" sau ashirin kafin hantsi, kowace tambaya kuma a wurinta ita ce ta farko. Za ta ajiye kuɗinta a cikin tukunyar miya ko ƙarƙashin tabarma, ta manta, ta neme su ta rasa. Hankalin ɗan Adam ba ya son giɓi, sai ya cike shi da dalili: an sace. Wa ya sace? Wadda ta fi shiga ɗakin, wato mai jinyar.

A nan ne gidaje da yawa suke tarwatsewa. Babban ɗa ya zo daga Yamai, ko ƙanensa ya dawo daga Kano, ko wata ɗiya ta zo daga gidan mijinta a Tasawa. Ya durƙusa ya gaida tsohuwa, ita kuwa ta amsa tsaf: lafiya lau, ina gajiya, ina iyali, ya ka baro su, Allah ya yi maka albarka. Gaisuwarmu doguwa ce, mun kuma maimaita ta dubban sau tun muna yara, saboda haka tana cikin abubuwan da ciwon yake daɗewa bai taɓa ba. Mutum zai iya yin gaisuwar minti biyar ba tuntuɓe alhali bai san wanda yake gaisawa da shi ba. Baƙo ya yi rabin sa'a ya ga uwarsa garau. Sai ta jawo shi ta rage murya: "Yarinyar nan ba ta ba ni abinci. Kwana biyu ban ci komi ba. Ta kwashe mini kuɗi." Wane ɗa ne zai ji wannan daga bakin mahaifiyarsa jininsa bai tafasa ba? Ya fito tsakar gida ya sauke wa matar ƙanensa kwandon faɗa, washegari ya hau mota ya koma. Ita kuwa da ta kwana uku ba ta rintsa ba, an bar ta da sunan marowaciya ɓarauniya, kuma da dare ita ce dai za ta tashi ta canza shimfiɗa.

Zargi irin wannan yana cikin alamomin ciwon tun ranar da aka fara bayyana shi. Matar da likitan Jamus Alois Alzheimer ya gabatar da labarinta a 1906, Auguste Deter, tana da shekara 51 aka kai ta asibiti a Frankfurt a 1901, kuma cikin abubuwan farko da aka lura da su akwai zargin mijinta ba gaira ba dalili. Da iyalai sun san wannan tun da wuri, da aure da yawa bai mutu ba. Ba ina cewa duk kukan tsoho ƙarya ba ne. Akwai tsofaffin da ake zalunta da gaske, kuma wajibi ne a bincika. Amma bincike shi ne ka kwana biyu ko uku a gidan ka gani da idonka, ba ka yanke hukunci daga bakin ƙofa ba.

Sai maganar yamma. Masu jinya da yawa za su gaya maka cewa da rana ta karkata abin yake tashi. Tsohuwa ta fara naɗe tabarma tana neman mayafi: "Ni zan tahi gida, Baba yana jirana." Gidan da take nufi na mahaifinta ne a wani ƙauye wajen Tibiri ko Madarunfa, wanda ta bari tun tana budurwa, mahaifin kuma ya daɗe a ƙasa. In aka ce mata "Inna, ai Baba ya rasu tun tuni", sai ta fashe da kuka kamar yanzu aka yi mata rasuwar, gobe kuma a sake. Likitoci sun san wannan ruɗewar ta almuru, tana da alaƙa da gajiya da raguwar haske da rikicewar lokacin barci. Da dare kuwa sai yawo a tsakar gida, a buɗe wannan a rufe wancan, a nufi murhu ko rijiya. A gari irin namu da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ga manyan motoci a hanyar Ɗan Isa, ga Gulbi in damina ta yi ƙarfi, fitar tsoho shi kaɗai maganar rai ce. Saboda haka mai jinya da kunne ɗaya take barci, shekara da shekaru. Rashin barci irin wannan shi kansa yana kawo hawan jini da ciwon damuwa, kuma bincike a ƙasashe da dama ya nuna masu jinyar gigin tsufa sun fi sauran masu jinya faɗawa cikin damuwa mai tsanani.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba saboda kunya. Suruka da ba ta kiran sunan uban mijinta, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi, yau ita ce take tarar da shi ya ɓata wando. Dattijon da aka sani da kamun kai sai ya tuɓe a zaure, ko ya ɗura ashar a gaban jikoki, domin ciwon yakan taɓa ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa wanda ke riƙe wa mutum linzami. Iyali sai su ja shi can ƙuryar gida don kada duniya ta gani, su daina barin baƙi su shiga, mai jinyar ma ta daina zuwa biki da suna da ta'aziyya. Cikin shekara biyu sai ka ga mutum biyu ne aka rufe a ɗakin. A nan ina da magana da ƴan'uwana maza, kuma ba zan sassauta ba: wankan mahaifinka da tsarkinsa aikinka ne. Ba daidai ba ne namiji ya fita kasuwa da safe ya bar wa matarsa tsiraicin ubansa, ya dawo da dare ya tambayi "Ya jikin Baba?" Mutuncin tsohon ma ya fi tsaruwa in ɗansa ne ya yi.

Mafi ɗaci kuwa ita ce ranar da uwa za ta dubi ɗiyar da take ba ta kunu a baki ta ce, "Baiwar Allah, ke ɗiyar wa ce?" Mutum yana raye a gabanka amma ka fara kewarsa. Ba wanda zai zo maka ta'aziyya, ba a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ba, amma rashi ne ake yi kullum kaɗan-kaɗan.

Da yake ba a san ciwon ba, sai a nemo masa dalili a inda aka saba. In Alhaji mai dukiya ne, sammu aka yi masa, kuma yatsa yakan nuna amarya ko abokin kasuwanci. In yawan fita yake yi, kurciya ce. In yana magana da waɗanda suka mutu ko yana ganin mutane a ɗaki, iska ce. Daga nan sai a fara zarya: rubutu, hayaƙi, turare, baƙin bunsuru, tafiya ƙauye wajen wani da aka ce ya iya. Ba ni da ja da addu'a da karatun Alƙur'ani a kan marar lafiya. Sau da yawa ma karatun da tsoho ya saba ji tun yana yaro yana kwantar masa da hankali fiye da komai. Abin da nake ja da shi shi ne mai cin kuɗin mutane da alkawarin waraka, wanda kuma zai ce "a cikin gida aka yi abin", ya hura wutar da za ta ci zumunci har jikoki. Wadda ta fi kowa shiga haɗari ita ce tsohuwar da ba ta da ɗa namiji tsayayye. In aka gan ta tsakar dare a ƙofar gidan wani, ba mayafi, tana sambatu, kalmar mayya ba ta da wuyar fitowa daga bakin yara, kuma jifa yakan biyo baya. Iyalinta suna ɗauke da jinya, suna kuma ɗauke da wannan tabon.

Addininmu bai bar wannan hali a duhu ba. A Suratun Nahli, aya ta 70, da Suratul Hajji, aya ta 5, an ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zamo bai san komai ba bayan ya sani. Malamai kuma sun yi bayani cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Wannan hukuncin rahama ne ga iyali, amma da yawa ba su ji shi a kan nasu tsohon ba. Sai ka ga ana kokawa da dattijo a kan ya yi sallah ba alwala, ko ana barin tsohuwa ta ɗauki azumi cikin zafin bazara alhali ba ta san watan da ake ciki ba, ƙishirwa kuma tana ƙara mata ruɗewa. Ayar da kowa ya haddace ita ce ta Suratul Isra'i, wadda ta hana a ce wa iyaye ko da "tir". Gaskiya ce, umarnin Allah ne. Amma a duba yadda take sauka a zuciyar matar da aka tambaya abu ɗaya sau talatin, aka zage ta, aka tofa mata magani a fuska, har ta ɗaga murya sau ɗaya. Za ta kwana tana kuka tana ganin ta halaka, tana tsoron bakin uwa ya kama ta. Ba za ta iya gaya wa kowa ta gaji ba, domin amsar a shirye take: "Yi haƙuri, aljannarki ce." Umarnin kyautata wa iyaye a kan dukkan ƴaƴa ya sauka, maza da mata, na gida da na nesa. Wanda ya bar mutum ɗaya da nauyin har ta kai ga ƙosawa, shi ma yana da kaso a cikin wannan ɗaga muryar. Ina fatan in ji limamanmu sun faɗi haka a huɗubar Juma'a, su kuma faɗa wa masu jinya cewa zagin da ya fito daga bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa ba baki ba ne.

Maradi garin kasuwanci ne, kuma wannan yana ƙara wa matsalar wani kauri. Alhazai da yawa na zamanin da a ka suke riƙe lissafi: wa ake bi, wa ke bin su, kaya nawa ke hanya, wace gona aka jinginar. Ciwon yakan fara taɓa lissafi tun kafin a lura da mantuwar suna. Dattijo ya biya bashi sau biyu, ya ba da kaya ga wanda bai sani ba, ya sa hannu a takardar sayar da fili bai san abin da ya sa wa hannu ba. Ƴaƴa suna gani amma wa zai iya ce wa Baba ya ba da makullin shago? Fiƙihu ya tanadi hanyar hana wanda hankalinsa ya raunana sarrafa dukiya tare da naɗa masa mai kula, kuma gara a yi wannan da wuri, a gaban shaidu, da yardar dattijon tun yana da sauran ganewa, da a bari sai an kai ga kotu. A gidan talaka kuwa lissafin na sabulu ne da omo da ledar shimfiɗa da pampas na manya, ga sana'ar da ta tsaya. Matar da take tuyar ƙosai ko ƙuli-ƙuli ko take kai kaya kasuwa ba za ta iya barin tsohuwa ita kaɗai da wuta ba. Sai jari ya narke. Sai a ce wa yarinya ta zauna gida ta taimaka "na ɗan lokaci", ɗan lokacin ya cinye mata makaranta. Tsarin kula da lafiya kyauta da Nijar ta kafa tun 2006 ya shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki. Tsoho kuwa aljihun ƴaƴansa ne asibitinsa.

Mutane sukan ce, tunda ba ya warkewa, me za a je yi asibiti? Akwai dalili babba. Ba duk ruɗewa ce gigin tsufa ba. Ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, rashin ji da rashin gani, duk suna iya sa tsoho ya yi kama da mai gigi, kuma ana maganinsu. In kuma ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko mai gigin ya rikice fiye da yadda aka saba, a hanzarta: sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko sukari ya hau ko ya faɗi. Magunguna irin su donepezil da memantine suna ɗan rage alamomi ga wasu na wani lokaci, ba sa tsayar da ciwon, kuma iyali su san haka kafin su sayar da akuya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙwayoyin sa barci da ake saya a hannun masu tallar magani a faranti, a jefa wa tsoho a kunu don gida ya samu lafiya. Na fahimci abin da ke kai mutum ga haka. Amma waɗannan ƙwayoyin suna ƙara ruɗewa, suna jawo faɗuwa da karayar ƙugu, wasu magungunan masu ƙarfi na taɓin hankali kuma an tabbatar suna ƙara haɗarin shanyewar jiki da mutuwa ga masu wannan ciwo. Ba a ba da su sai da likita.

Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a ƙasar nan, yawancinsu kuma a Yamai suke. Jiran a samu isassu ba mafita ba ce. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP domin a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane cututtukan ƙwaƙwalwa da kula da su, gigin tsufa yana ciki, har da duba halin mai jinya. Tana kuma da wani littafin horo mai suna iSupport da aka yi musamman don iyalai. Maradi tana da babban asibitin jiha, da asibitin ƙwararru, da sashen koyon aikin likita a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Abin da ya rage shi ne a juya wannan ilimi zuwa Hausa, a sa shi a bakin ma'aikatan asibitocin unguwa da wakilan lafiya na ƙauyuka, a kuma watsa shi a rediyo, domin yawancin masu jinyar ba masu karanta Faransanci ba ne. Ma'aikacin lafiya da zai zauna minti goma ya ce wa iyali, a gaban manyan ƴaƴa maza, "Wannan ciwo ne, ba wanda ya yi mata, zargin da take yi ma ciwon ne, kuma wannan baiwar Allah tana bukatar hutu", ya yi aikin da ya fi kwalin magani.

Dabarun zaman yau da kullum ba su da tsada, rashin mai faɗa ne. Ba a gardama da mai gigi, domin ba za a ci nasara ba, sai dai a tayar masa da hankali. In ta ce za ta gida, a ce "To Inna, bari mu sha fura tukuna rana ta yi sanyi", a zagaya da ita tsakar gida, a tambaye ta labarin garin nasu. In ta ce an sace kuɗi, a taya ta nema, a kuma san wuraren da take ɓoyo. A bar mata aikin da hannunta ya saba, tsinar wake ko ɓarar gyaɗa, don zaman banza yana ƙara tashin hankali. A bar fitila a hanyar bayan gida, a rufe rijiya, a ɗauke ashana. A ɗinka ƴar takarda mai lambar waya a aljihun riga. A kuma daina ɓoyewa: mai unguwa, mai shagon bakin layi, ƴan kabu-kabu da samarin fada, in sun san halin da Baba yake ciki, su ne za su tare shi tun bai yi nisa ba. Ɗaure tsoho da igiya ko kulle shi a ɗaki shi kaɗai ba abin yarda ba ne, amma duk inda ka ga an yi haka, ka duba da kyau, za ka tarar da mai jinyar da aka bari ita kaɗai har dabara ta ƙare mata.

Shi ya sa nake ganin babbar bukata ita ce karɓa-karɓa, kuma mai suna da rana. "In kina bukatar wani abu ki faɗa" ba taimako ba ne, domin ba za ta faɗa ba. Taimako shi ne a zauna taron dangi a ce wane zai kwana ran Litinin da Alhamis, wance za ta wuni ran Juma'a don mai jinya ta je gidansu ko ta yi barci kawai, na Yamai da na ci-rani kuma ga abin da za su riƙa aikowa kowane wata ba sai an roƙa ba. A jihar nan ne aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, tsarin asusu da bashi da ƙungiyar CARE ta kawo, wanda daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Matan da suka iya haɗa kuɗi duk mako su riƙe amana shekara da shekaru, za su iya haɗa sa'o'i ma: yau a zauna wa wannan da tsohuwarta, jibi a zauna wa waccan. Ko zaman da masu irin wannan jinya za su yi su uku ko huɗu su faɗa wa juna abin da ba sa iya faɗa a gida, yana sauke nauyi mai yawa.

Jinyar takan ɗauki shekaru, wani lokaci har ta haura 8 ko 10, ƙarshenta kuma kwanciya ce: ba magana, ba tafiya, haɗiya ma da ƙyar, sai juyawa don gudun gyambon kwanciya. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, dangi za su cika gida, a yi addu'ar uku da ta bakwai, a zo rabon gado. Gado Allah ya riga ya raba, ba mai taɓa shi. Ɗiyar da ta bar sana'arta shekara bakwai za ta ɗauki rabin abin da ɗan'uwanta na nesa zai ɗauka, suruka kuwa ba ta da ko dala. Saboda haka haƙƙin mai jinya tun tsohon yana raye ake fitar da shi. In yana da dukiya, ɗawainiyarsa daga cikinta take fita, kuma dangi su tambayi malamai yadda za a yanka wa mai yi masa hidima wani abu sananne duk wata, a rubuta, kowa ya sani. In ba shi da ita, ƴaƴan da ba sa kwana a ɗakin su ne za su haɗa, su mayar mata da jarinta, su kuma biya kuɗin makarantar yarinyar da aka zaunar a gida don ta koma aji.